Abincin Mutum Goma

Shekarun da muka yi a Riyad, a Gubaira muke zaune, cikin wani ɗan gida da ke maƙale da shagon masu walda. Ni ina aikin jinya a wani asibiti, maigidana kuma yana tuƙa motar da ke kai ma'aikatan wani kamfanin gine-gine wurin aiki. Shi ya yi ta sintiri har ya samo wa ƙanena, autanmu, biza, ya zo shi ma yana tuƙi a kamfanin. Da Auta zai taho, mahaifiyarmu ta aiko mini cewa ta bar mini shi amana, kamar ba gardi ba ne mai mata da ɗa.

Wata safiya motar maigidan ta ƙwace masa a gangaren wata gada, ta daki katanga. Allah ya tsare, mutum ɗaya ne ya karye a ƙafa. Kamfani ya ce ganganci ne, aka dakatar da shi, aka fara maganar soke masa iƙama, wato izinin zama. Shi kuwa ya dage cewa ya taka birki ya ji wayam. Aka ce masa irin wannan ba a kai ta waje, masu sulhu na kamfani ne za su zauna a kanta a ofishinsu na unguwar Ulaya.

Kafin ranar zaman, babu ƙofar da bai ƙwanƙwasa ba. Direbobi da dama sun taɓa shiga ɗakin sulhun nan, amma ko ɗaya bai yarda ya gaya masa abin da ake tambaya ko yadda ake yankewa ba. Kowa sai ya ce masa, "Halas, an riga an rufe magana." Na ji haushinsu ƙwarai, har na ce maza ne masu tsoro kamar farar kura. Ashe ban san komai ba.

Ranar da aka yi zaman, ya dawo ya ce an mayar da shi aiki, har an ba shi ƙaramar motar mudir, wato manajan kamfanin, ya riƙa tuƙawa. Na yi guɗa. Da na tambaye shi me aka gano game da birkin, sai ya sunkuyar da kai.

"Kada ki tambaye ni. An sa ni na rantse da Allah ba zan faɗa wa kowa abin da aka yi a ɗakin ba."

"Har ni, Maigida?"

"Har ke."

Na ƙyale shi. Aikinsa ya dawo, me ya dame ni da birki?

Bayan 'yan makonni Auta ya shigo yana washe baki. An gyara gaban motar nan da ta daki katanga, an yi mata fenti, kuma shi aka ba. Ran Asabar zai fara fita da ita. "Yaya, ki taya ni murna, na bar tuƙa motar siminti," in ji shi. Na juya na dubi maigidan, na ga ya ajiye lomar da ke hannunsa.

Tun daga ranar ba ni da sukuni. A asibiti sai in riƙe allura in tsaya ina tunanin gangaren gadar nan. Ba ni da wata shaida. Wataƙila an canja birkin. Wataƙila masu sulhun sun ɗora masa laifin ne suka yafe, kunya ce ta hana shi faɗa. Na yi lallashi, na yi kuka, na yi masifa, domin bakina ba ya shiru. Na ce masa in wani abu ya sami yaron nan, shi zai je ya tsaya gaban mahaifiyarmu ya yi mata bayani. Na kuma san abin da ke gabansa: ga rantsuwa, ga kafili, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, da ya riƙe fasfonsa. Na gwada ce wa Auta ya ƙi karɓar motar, ya yi dariya ya ce Yaya ta fara tsufa.

Ran Alhamis da la'asar, maigidan ya shigo da buhun shinkafa da kaji, ya sauke a ƙofar kicin.

"Gobe ki dafa abinci na mutum goma. Ki zuba a kwano daban-daban, zan kai wa mabuƙata a bakin masallaci."

"Sadakar me? Wa ya rasu?"

Ya dai tsaya yana kallona. Can na tuna abin da aka koya mana tun muna yara: wanda zai karya rantsuwa, kaffararsa ita ce ya ciyar da miskinai goma. Na zauna a kan buhun. Yanzu na san birkin nan ba a taɓa shi ba, na kuma san zamansa a Riyad ya zo ƙarshe. Washegari na tashi na dafa abincin.

Da aka sauko daga Juma'a maigidan ya raba abincin, ya kira Auta ya zaunar da shi. Ya gaya masa makanikin kamfani ya amsa a gaban masu sulhu cewa birkin ya daɗe yana yoyo, an sha faci, kayan canji ba su iso ba. An wanke maigidan, da sharaɗin maganar ta mutu a ɗakin. Ran Asabar Auta ya ajiye makulli a teburin mudir, ya kuma faɗi dalili. Ba a yi wata ba aka buga musu huruj su biyun, wato fita ba dawowa. Ni na bi bayansu da kwangilata ta ƙare.

Auta yanzu yana da jikoki, yana nan yana tsokanata cewa kukana ne ya kore shi daga Saudiyya. Ina dariya, amma abu ɗaya ba ya barina. Motar nan ta fita ran Asabar ɗin, cike da ma'aikata, kuma har yau ban san wa aka miƙa wa makullin ba.