Taku Goman Kaka Makau

Kun taɓa ganin mutumin da ya kwashe shekara ukku shina matsar da injin niƙa taku goma-goma? To kakana ne, Makau mai gyaran rediyo, nan garinmu kusa da Bukkuyum, don Allah ku karanta har ƙasa.

Shi tun shina saurayi ɗan jam'iyyar talakawa ne, shi da amininshi Lirwanu mahauci, har kulle su anka yi tare kwana tara. Dukansu sun yarda arzikin ƙasa na kowa ne, gurguzu ke nan, amma hanya ta raba su. Lirwanu cewa shikai a tashi rana guda a ƙwace komi. Kaka kuma ya ce a rediyo ya ji ma'aikatan Ingila ba su kifar da kowa ba, ƙungiya sunka yi da ƙuri'a, yau doka guda baɗi wata, har asibiti ta zama kyauta. Shekara arba'in suna wannan gardama kuma kwano guda suka cin tuwo.

Kun san gubar dalma da ta kashe yara wajen su Tungar Guru, ƙurar dutsen zinari ce in an niƙa shi cikin gida. Lokacin an fitar da injuna daji, to da 'yan bindiga sunka matsa sai mutane sunka maido su tsakar gida, gida bakwai a garinmu, yara na rarrafe cikin ƙura.

Lirwanu ya ce a tara samari a ƙone su duka.

Kaka ya ce, "Ka ƙone, gobe su sayo sabbi su kafa cikin ɗaka inda ba ka gani. Kuma masu niƙan mi za su ci, hanjin da ka kasa saidawa?"

"Kai dai Makau da kai aka jira a yi azahar sai an kira isha'i."

"Amma da alwalata nika isowa, kai ko har yanzu kana neman buta."

Abin da Kaka ya yi, kullum da hantsi shi tahi gidan mai inji shi gaishe shi, shi gyara mishi rediyo kyauta, bai taɓa cewa fitar da inji ba. Sai shi ce, Alhaji matsar da shi taku goma mana, daga bakin madafa dai. In an matsar shi yi godiya kamar an ba shi doki, bayan wata biyu shi dawo, to ko zaure za a kai shi? Daga zaure ƙofar gida, daga nan filin bakin gari da ya roƙo wurin mai gari aka ce na kowa ne. Can ya sa masu niƙa sunka yi ƙungiya, sunka gina rijiya, ba mai shiga gida sai ya wanke jiki ya sauya riga. Inji shidda sun koma can.

Ba zan ɓoye ba, cikin shekarun nan yaro guda ya rasu a gida na biyar tun Kaka bai kai gare su ba. Lirwanu ya ce mishi gaban mutane, ga abin da sannu-sannunka ta jawo nan. Kaka kwana biyu bai ci abinci ba, ran na ukku ya tashi ya tahi gida na shidda.

Na bakwai shi ne na Alhaji Nuhu surukinshi, mijin gwaggona Habsu, kuma can jikanyar Kaka Hidaya take, shekararta biyu, wadda shika kira amaryata. An auna jininta a asibitin Anka an ce dalma ta hau anka kwantar da ita, ko an ba ta magani in ta koma cikin ƙurar nan aikin banza ne. Kuma kun san kunyar suruki, Kaka ko ido ba shi iya haɗawa da shi, sai ta bakin matarshi Inna shika aika taku goman. Wata takwas kafin injin ya iso zaure.

Shekaranjiya ƙafar Kaka ta kumbura bai iya fita, sai ga Lirwanu ya ɗauki sanda ya ce shi za shi gidan Alhaji Nuhu. Inna ta ce mun shiga ukku yau za a yi wuta. Ashe gaisuwa ya yi har da tsire a takarda, ya dawo shina huci.

"Na roƙa irin naka, tsohon banza, bakina har ɗaci shikai."

"Taku nawa ka samo?"

"Duka. Amma ya ce ba shi sa hannu ba shi kawo mota, in an sauko Juma'a injin na nan to ya zauna ke nan."

Injin nan da gindinshi na ƙarfe sai ƙarti ashirin ka iya ɗaukar shi, mu sha ɗaya ne kawai yanzu, Hidaya kuma ran Assabar za a sallamo ta. Duk mai ƙarfi ko mai amalanke, 'yan Gummi da Zugu da ke kusa, ku zo ƙofar Alhaji Nuhu Juma'a da safe. In ba ka iya zuwa tura ma wanda zai iya, yanzu ba anjima ba.