Agogon da Ke Jikin Babana

Shekarar da muka baro Baruwa gudun hijira muka sauka Gagamari, babana ya riga ya fara ruɗewa. Ko sunayenmu ba ya riƙewa. Amma kullum ana idar da asuba sai ya saɓa fartanya ya nufi kogin Komadugu, wai za shi ban ruwan tattasai. Gonar tana can nesa, bakin kogin kuma an hana zuwa. Sau biyu soji na maido mana shi. A na biyun suka ce in kula, ba kullum ake tsayawa tambaya kafin a yi harbi ba.

Matata ta ce hasken gari ne ke tashinsa. Sai na toshe tagar ɗakinsa da buhuna, na sa kwaɗo a ƙofa. Ni na yi wa ubana haka. Bai hana komai ba. Lokaci na yi za mu ji yana bugun ƙofa, da la'asar ma haka, sa'ar da yake komawa duba injin ban ruwa a da.

A kasuwar Diffa, inda nake dakon buhunan tattasai, na ba wani malamin gona labarin, Kirista ne daga kudu. Ya nuna mini ƙananan ƙudajen nan masu jan ido da ke bin ruɓaɓɓen tumatir. Ya ce masu bincike sun kulle irinsu cikin duhu kwana da kwanaki, amma ba su daina tashi suna kai da kawo safe da yamma ba. Wai agogon a jikinsu yake, cikin ƙwayoyin halittar da suka gada, shi ke ba ƙafa da fiffike umarni.

Na ce babana dai ba ƙuda ba ne.

"Ba ƙuda ba ne, Malam. Amma duhu ba zai tsayar da shi ba. Wahala kawai kake ba shi."

Ran nan na cire kwaɗon. Na tayar da kunya uku bayan ɗaki, na dasa tattasai, na ajiye jarka da gwangwani. Asuba na yi nakan riga shi fita, in tare hanyar kogi, in ce Baba, ga gonar nan. Wata rana ya yarda. Wata rana ya ce wannan ba gonarsa ba ce, sai na bi shi muna tafiya har ya gaji.

Tattasan bai yi wani abin kirki ba. Amma Baba a kan tabarmarsa ya rasu, mu muka yi masa wanka.