Iska a Cikin Tiyo

Da ƙarfe huɗu na yammacin wata Laraba, ana yayyafi, wani ɗan okada ya tsaya a ƙofar gidanmu a unguwar Mile One ta Fatakwal yana tambayar mai gyaran famfo. Daga wannan sa'a natsuwa ta bar gidanmu. Har yau in warin dizal ya haɗu da na laka a hancina, sai ranar nan ta dawo mini.

Baba ne mai gyaran famfon. Wani Bature da matarsa ne suka aiko, masu yawon duniya a ƙaramin jirgin ruwa irin mai ƙyalle, wanda iska ke turawa. Sun tsaya a bakin ruwan Fatakwal saboda tankinsu na ruwan wanka ya daina zafi.

Da Baba ya dawo bayan magariba, ko abinci bai kalla ba. Ya ɗauki gawayi ya zana mana abin a kan siminti. Ruwan da ke sanyaya ƙaramin injin jirgin, in ya ɗau zafi, tiyo ne ke kai shi cikin tanki, ya bi wani murɗaɗɗen bututu, ya ɗumama ruwan wanka, ya koma. Ba itace, ba kananzir. Amma an ɗora tankin sama da injin, iska ta maƙale a tiyon, ruwan ya kasa zagayawa. Ban taɓa ganin fuskarsa da irin wannan haske ba, kuma hasken ne ya ba ni tsoro.

Aikin yini guda ya koma na makonni. Ya sauko da tankin, ya rage tsawon tiyon, ya yanka tsohuwar katifarmu ya naɗe tankin da soso don kada zafi ya gudu. Duk da haka, in igiyar ruwa ta jijjiga jirgin sai iska ta sake shiga, kuma Baba kaɗai ya san notin da ake sassautawa iskar ta fita, da irin hucin da ake saurare kafin a ɗaure. Sai Baturen ya ce Baba ya bi su, su zaga gaɓar teku tare.

Mai shayin layinmu ya samu abin tsokana. "Malam, oyibo go carry you o, Bature zai tafi da kai! In ka je ka aiko mana da kifin Turawa."

Baba ya yi dariya. Umma ba ta yi ba. Kaka, mahaifiyarsa, ta ci gaba da ɓare gyaɗarta, ta ce, "Haka ubansa ya yi. Wata ɗaya ya ce za mu yi a Kudu. Ga ni nan, har haƙorana sun zube."

Ni ba mai magana ba ce, ko a lokacin. Littafi nake riƙewa in fake a bayansa. Amma a damunar nan sai in karanta shafi ɗaya in kasa faɗin abin da ke ciki. Ruwa na dukan kwano, kwata na ambaliya, ni kuma kullum da asuba ina leƙa bayan ƙofa in ga ko jakarsa da dardumarsa suna nan. Ban iya tambayarsa ba. Gani nake in na furta, zai tabbata.

Wata Juma'a ya dawo da wuri, hannunsa duk baƙin mai. Ya ce jirgin ya tashi. Ya nemi sabulu. Bai ƙara tada zancen ba, mu ma ba mu tada ba.

Yanzu ina jami'a a Enugu. Hita nake tsomawa a bokiti, kafin in gama ninke mayafi ruwa ya yi zafi. Kaka ta rasu, rumfar mai shayin ta zama shagon waya, Baba kuma gwiwa ta hana shi hawa okada. A hutun da ya wuce na same shi a ƙofar gida yana goge tsoffin sifanoninsa na kwance noti. Na tsuguna kusa da shi.

"Baba, ashe ba ka so bin jirgin nan ba?"

Bai ɗago ba. "Na so mana, 'yar nan. Har barci ba na yi."

"To me ya faru?"

"Ranar Juma'ar nan na kama hannun Baturen na ɗora a kan notin, na sa ya yi ta yi har ya iya. Abin da suke nema a wurina ke nan. Na san muddin suna bukatata, in suka sake tambaya, ba zan iya cewa a'a ba."