Normat-aka a Cikin Tanderu

A asibitinmu na Samarkand, in an ambaci Normat-aka, wato Yaya Normat a yarenmu, ranar shinkafar biki ake tunawa. Shekara goma sha tara ke nan. An kawo sabon injin da ke leƙa cikin kan mutum ba tare da an tsaga ba, wani dogon rami da muke kira tanderu, ana neman lafiyayyen kai na gwaji. Normat mai gadin ƙofa ne, kuma bai iya cewa a'a ba. Dokta Sobirov ya tura shi ciki, ya ce, "Kada ka motsa sai na ce ka tashi."

Ana cikin haka aka aiko cewa mai ba da magani ya kawo shinkafar bikin 'yarsa. Kowa ya fice, har da ni. Muna kan butar shayi ta uku wani ya ce, "Wai wa ke ƙofa?" Sai a lokacin muka tuna da Normat. Awa uku cur. Muka tarar da shi kwance sharkaf da gumi, hancinsa na ƙaiƙayi tun awar farko, bai sosa ba. Da ƙafa muka jawo shi.

Hoton ya fito fes, abin da ya ja masa ke nan. Sobirov ya ce kan da ba ya motsi irin wannan, da shi za a bi yadda jini ke zagaya ƙwaƙwalwa har tsufa. Tun daga nan, Litinin ɗin farkon kowane wata Normat na cikin tanderu, ba shayi tun asuba.

Shi kuwa ya tsani ramin. Ya taɓa gaya mini salati yake yi a zuci har a gama. Ga gonar inabin mahaifinsa can bayan duwatsun Boysun, inda in ƙanƙara ta rufe hanya sai bazara. Ciyawa ta cinye rabinta. Sau biyu matarsa, Mohira-opa, wato Yaya Mohira, tana ɗaure kayan komawa gonar tana kwancewa.

Bara Allah ya yi wa Sobirov rasuwa. Dokta Feruza da ta gaje shi ta kira Normat, ta ce, "Baba, hotunan sun isa. Je ka ga inabinka." Har liyafar sallama muka yi masa.

Litinin ɗin farkon wata na zagayowa na same shi a kan bencin ɗakin tanderu, ya cire agogo da bel, bakinsa a bushe.

Na ce, "Aka, ko tanderun ne ya yi maka daɗi? Burodi ma in ya gasu fitowa yake yi. An sallame ka fa."

Ya sosa hanci a hankali, kamar mai rama bashin ƙaiƙayi. Ya ce, "Yarinyar kirki ce, amma ba ita ta ce in kwanta ba. Ranar nan ma ku kuka jawo ni da ƙafa. Shi har yau bai ce in tashi ba."