Goran da Aka Binne a Bayan Gonar Albasa

Ni ban taɓa sayen dutse a hannun kowa ba. Tsakiyar roba da ta kwalba, wannan kam daga birni ake kawo mini, in shirya jigida da abin hannu da ita. Amma dutse, da ƙafata nake zuwa in tsinto shi. In rani ya yi, ruwan kogi ya ja baya, sai in bi yashi ina duba ƙasa kamar wadda ta yar da allura. Akwai fari mai kama da ƙanƙara, akwai ja kamar hanta, akwai wani ruwan zuma da ba a cika samu ba. In na gyara su, wasu in naɗe su da jar wayar da nake karɓa wajen masu gyaran injin casar shinkafa, su zama abin wuya. Wasu kuma maƙeran fari su saya su ɗora a kan zobe. Da wannan sana'a na ci kasuwar Kura da ta Bunkure tun ina tafiya a ƙasa da faifai a ka, har aka zo zamanin da a-daidaita-sahu ke sauke ni a bakin rumfa.

Da fari da hannu nake goge su a kan dutsen niƙa, da yashi da ruwa, har fatar yatsuna ta siɗe. Wata rana ina wanki a bakin kanal, wato hanyar ruwan da aka gina mana saboda noman rani, sai na lura da wani wuri a ƙarƙashin ƙofar ruwa, inda ruwa ke faɗowa daga babbar hanya zuwa ƙarama. Wani fasasshen gora ya maƙale a wurin, ruwa na ta juya shi, ba ya tafiya, ba ya tsayawa. Na daɗe ina kallonsa. Na ce a raina, ga ma'aikaci ba ya gajiya, ba ya neman abincin rana.

Tun daga nan na sake dabara. In sami gora mai kauri, in zuba duwatsu da yashi mai laushi da ruwa, in toshe bakin da totuwar masara. Sai in naɗe shi da baƙin tsumma don kada siminti ya fasa shi, in ɗaure da jan ƙyalle saboda in gane nawa ne, in sa igiya in ɗaura a jikin ƙarfen ƙofar. Ruwa ya yi ta mirgina shi. In ka kasa kunne za ka ji duwatsun suna ƙwar-ƙwar a ciki. Lokaci zuwa lokaci in je in sake yashi, har ranar da zan juye su a faifai in shafa musu man kaɗe. Duk manoman layin sun san goran nan. Wasu in sun zo ba da ruwa har gaishe shi suke, don tsokana.

A kasuwar Bunkure, wadda ke zama kusa da ni Bafulatana ce mai sayar da nono da fura. Rugarsu na can bayan gari, sun daɗe da zama har suna noma. Mun tsufa tare a gindin rumfa ɗaya. In na tashi salla ita ke tsare mini kaya, in ta tashi ni ke kore mata ƙuda. Ba ta taɓa sayen ko zobe a wurina ba, kullum cewa take kayana na Haɓe ne, ba su da nauyi. Ni kuma in ce nononta rabinsa ruwan kanal ne. A haka muke.

Wata ranar kasuwa, bayan ciniki ya lafa, ta kwance bakin zanenta ta fito da wani ƙulli. Jajayen duwatsu ne irin na da, dogaye, masu huda, sun yi duhu saboda ajiya, zaren ma ya ruɓe.

Ta ce, "Yaya, na innata ne. Tun da ta rasu suke cikin ƙwarya a rufe."

Na juya su a tafin hannuna. Ba a samun irinsu yanzu, ko a birni. Na ce, "Wa za ki ba?"

Ta ce, "Ni zan sa. Na kai shekarun da ta bar duniya a kansu, har na soma wucewa. Ina so in gan su suna ƙyalli yadda na san su a wuyanta. Ki kai su wajen ma'aikacin nan naki."

Na ce mata ban saba sa kayan mutane a ruwa ba. Ta ce ita ba mutane ba ce. Na karɓa, na sa su a sabon gora su kaɗai, ban haɗa su da nawa ba.

A shekarar nan gonar da ke daf da ƙofar ruwan ta canja hannu. Mai ita ya tsufa, ya ba da ita haya ga wani baƙo, magidanci mai ɗan gemu, wanda ya zo daga wani gari ya dasa albasa. Ban san shi ba, bai san ni ba. Da na koma sake yashi, sai na tarar da igiya tana reto a jikin ƙarfe, ba gora. Na jawo ta na duba bakin. Ba tsinkewa ta yi ba, wuƙa aka sa.

Mata 'yan ƙwadago suna cire ciyawa a gonar da ke gaba. Na yi musu sannu, na tambaye su. Suka kalli juna. Babbar cikinsu ta ce, "Iya, ai mai albasar nan ne. Ya ce asiri aka yi masa. Kan albasarsa ya soma ja, ga shi sun yi cacar baki da maƙwabcinsa a kan ranar ruwa, sai ya zo ya ji abu yana magana a ƙarƙashin ƙofa. Da sanda ya ɗauke shi, ko taɓawa bai yi ba."

Na ce, "Ku kuma bakinku ciwo yake?"

Ta ce, "Mun gaya masa na tsohuwa mai tsakiya ne. Ya ce to ashe ma tsohuwa aka ba aikin."

Na same shi yana gyara kunya da fartanya. Na yi sallama, ya amsa yana kallon ƙafafuna. Na gaya masa ko ni wace ce, da abin da ke cikin goran, tiryan-tiryan. Ya saurara har na gama.

Ya ce, "Baba, ki yi haƙuri. Baƙin tsumma, jan ƙyalle, baki a toshe, a ƙarƙashin ruwan da ke shiga gonata. Ke in ke ce, me za ki ce?"

Na ce, "Zan ce bari in tambayi mutanen gari."

Ya ce, "Na binne shi. Kuma wanda na yi shawara da shi ya ce in na nuna wurin, abin kaina zai dawo. Ina da iyali, Baba. Duk abin da na mallaka yana cikin albasar nan."

Ni da aka san ni a kasuwa biyu, matan aure suna aiko mini da zaren awon ƙugunsu daga cikin gida saboda sun yarda da ni, yau ni ake ɗauka 'yar bori mai binne-binne. Na so in gaya masa magana, amma na fasa. Tsoro ne ke damunsa, ba rashin kunya ba. Na juya na tafi.

Ranar kasuwa ta zagayo. Na shimfiɗa kayana, na jera abin wuya a kan farin ƙyalle yadda na saba, amma ko wanda ya taya ban san me na ce masa ba. Ƙawata ta dama fura ta turo mini ludayi. Na ce na ƙoshi.

Ta ce, "Ke? Tun da nake ban taɓa jin kin ƙoshi da furar banza ba. Me ya faru?"

Na gaya mata duka, ban rage komai ba. Ta ɗauki faifai ta rufe ƙwaryar nono, ta zauna tana kallon masu lodin kwandunan tumatir a mota. Mai saye ya zo, ta ce ya ƙare, alhali ƙwarya na cike. Wannan zaman nata ya fi mini zagi ciwo. Can da la'asar ta ce, "Gobe in na gama tatsa zan biyo miki. Ki kai ni wajensa."

Muka same shi da hantsi, ya buɗe ruwa yana bin kunya-kunya. Da ya hango mu biyu sai ya miƙe tsaye. Ƙawata ta gaishe shi a tsanake, ta tambayi iyali, ta tambayi albasa, kamar ba abin da ya kawo ta. Sannan ta ce, "Malam, an ce ka binne innata."

Ya ce, "Subhanallahi. Ni?"

Ta ce, "Abin wuyanta ne a goran. Shi kaɗai ta bar mini, shanun na maza ne. A ciki akwai wani dutse da gefensa ya ɓalle. Ina goye a bayanta tana daka, na ja zaren ya tsinke, dutsen ya bugi bakin turmi. Har ta rasu in na yi mata laifi sai ta nuna mini shi ta ce, tun kina goye kike ɓarna."

Ruwa na ta shiga kunya har ya soma ketarewa, bai lura ba.

Ta ce, "A tona a gabanka. In ka ga gashi, ko farce, ko laya, ka tasa mu gaba mu biyu har gidan mai unguwa, ni zan riƙe maka goran. In kuwa ka ga dutse mai ɓalli, ka ba ni kayana."

Ya ce, "An hana ni nunawa."

Na ce, "To kada ka nuna, ɗan nan. Ka tafi ka toshe ruwanka, ga shi can zai cinye maka albasa. In ka gama, ka tsaya ka huta a inda ka ga dama."

Ya kalle ni, ya kalli ruwan. Ya je ya toshe. Sannan ya taka a hankali ya zagaya bayan gona, ya tsaya a gindin wata 'yar bishiyar darbejiya, ya juya mana baya yana kallon gabas kamar mai jiran mota. Fartanyar kuwa ya jingine ta a jikin bishiyar.

Na ɗauka na soma tono. Rabona da fartanya an daɗe, kuma bawan Allah ya zurfafa ramin kamar zai binne akuya. Ina sara ina nishi, ƙawata na cewa, "Haka Haɓe ke noma? Shi ya sa hatsi ya yi tsada." Da ya ji nishin ya yi yawa, sai ya juyo ya ce, "Kawo, Baba." Ya karɓa ya ƙarasa da kansa. Amma da baƙin tsumman ya bayyana ya ja da baya, ni na sa hannu na ciro.

Goran bai fashe ba. Na zare totuwar, na juye a faifan da na zo da shi, na ɗebo ruwan kanal na wanke yashin. Jajayen duwatsu suka fito. Ƙawata ta tsuguna tana juya su da yatsa ɗaya har ta sami wanda take nema, ta ɗaga masa. Ya matso, ya duba, ya miƙa hannu ta ɗora masa a tafi.

Ya ce, "Dutse ne."

Na ce, "Da me ka zata, ɗan kunama?"

Ya yi dariyar jin kunya, ya ba mu haƙuri, ya ce to albasarsa fa, me ya same ta? Na ce wannan sai ya tambayi manoma, ni mai tsakiya ce. Da za mu tafi ya tuge mana albasa mai lawashi ya cika mana faifai, ya ce in mayar da gorana inda yake, shi zai riƙa duba mini igiyar.

A hanya na ce mata aikin bai kai ba. Duhun ya fita, jan ya soma tasowa, amma ba su yi santsin da nake so ba. Na ce gobe zan mayar da su ruwa da sabon yashi.

Ta tsaya tana shafa mai ɓallin da babban yatsa. Ta ce, "Yaya, bakin nan da kaifi na san shi. Ji yanzu, ya soma lafewa. In ya koma ruwa fa?"

Na ce, "Zai goge sumul, ba wanda zai san ya taɓa ɓallewa."

Ta ƙulle su a bakin zane. Ta ce, "To ma'aikacinki ya huta. Ki shirya mini su haka."

Na yi gardama, na ce ni ban taɓa sakin aiki rabi ba, sunana ne zai ɓaci. Ta ce sunana ya riga ya ɓaci, ai an ce ni bokanya ce. Na shirya mata su a zare mai ƙwari, ninki biyu, na sa mai ɓallin a tsakiya inda zai sauka a ƙirji. Na roƙe ta abu ɗaya: in an tambaye ta, kada ta ce ni na goge su.

Ranar kasuwa ta zo da su a wuya. Duk matar da ta sunkuya sayen nono sai ta ce, kai, waɗannan duwatsu na da, wa ya gyara miki? Ita kuwa sai ta nuna ni da ludayi ta ce, "Ga ta nan. Iyakar iyawarta ke nan."

Ni kuma in ce a ƙara mini fura, kuma a rage ruwan kanal.