Labo Bahago da Tumatirin Danja

Wanda ya ga Labo Bahago yau a gonarsa ta hanyar Malumfashi, yana ɗaure damin dawa yana tsokanar masu wucewa, ba zai ce mutumin nan ya fito a fim sama da talatin ba. Bai taɓa zama jarumi ba, kullum shi ne yaron mugu. Amma idan ya ɗaga hannu, har mai kallo a waya sai ya kauce.

Ɗan mahauta ne, a dambe ya tashi. Tsawon shekara goma sha biyu, da an gama girbi sai ya naɗe hannun hagu ya bi makaɗa, daga Dandume har Matazu. Waɗanda suka gani sun ce wanda Labo ya kai wa naushi ba faɗuwa yake yi ba, kwanciya yake yi a natse, kamar an yi masa shimfiɗa. Ciwon gwiwa ne ya raba shi da fage. Yana zaune yana kallon hannayensa sai ga wani darakta, Zubair, ya zo Funtuwa neman ƙato mai ban tsoro. Mutane har rige-rigen nuna masa gidan Labo suka yi.

To, a dambe ana koya wa mutum kai hannu, babu mai koya masa tsayar da shi. Ranar farko aka ce ya nausa a hankali. Ya yi iya ƙoƙarinsa, jarumin fim ya tafi gida da haƙoransa biyu a aljihu. Sati na gaba wani ya farfaɗo yana tambayar wane gari ne nan. Zubair ya ja shi gefe ya gaya masa gaskiya: fuskarsa ta dace, amma idan ya sake fitar wa wani jini, babu mai ƙara ɗaukarsa. Ga dambe ya riga ya ƙare masa. Labo ya ga cewa idan wannan ƙofa ta rufe, hannun nan da garuruwa suka sani sai dai riƙe fartanya.

Da rani ya tattara ya tafi Danja, lambun surukinsa. Kowace safiya sai ya zaɓi tumatirin da ya nuna luguf, ya rataye shi da zare a reshen mangwaro, ya ja baya, ya kai masa naushi da dukkan ƙarfinsa, da niyyar tsayawa kafin ya taɓa. Makon farko matarsa Sabuwa ta daina zuwa markaɗe, ta ce Allah ya kawo mata inji har gida, kwano kawai take tarawa. Suruki ya yi haƙuri har haƙurin ya fara tsami. Wata uku cur. A ƙarshe tumatirin yakan yi lilo kaɗan saboda iska, fatarsa ko ƙwarzane babu.

Fim na gaba a wani tsohon sito na auduga aka yi shi a Funtuwa. Wanda za a nausa kuwa Malam Buba ne, dattijo mai shekara saba'in, siriri kamar karan dawa, ga tabarau. Zubair ya matso da kyamara daf da fuskarsa, babu wurin wayo.

"Ɗana," in ji Malam Buba, "haƙori huɗu suka rage mini, kuma duk ina aiki da su."

"Baba, kai dai kada ka motsa."

Aka ba da umarni. Labo ya karkace irin ta fage, ya saki hagu. Mutanen da ke bakin ƙofa sun rantse sun ji kukan iskar. Hular dattijon ta tashi ta faɗi can baya, gemunsa ya kaɗa, tabarau bai ko girgiza ba. Dunƙulen hannun yana tsaye a gaban hancinsa, tsakaninsu da ƙyar takarda za ta wuce.

Malam Buba ya manta cewa faɗuwa zai yi. Yana tsaye yana lalubar haƙoransa da harshe. Zubair ma ya manta ya tsayar da ɗauka, bakinsa a buɗe. Dole aka sake, har sau bakwai, kuma sau bakwai ɗin hannun ya tsaya a wuri ɗaya.

Da aka tashi, dattijon ya kafa wa darakta sharaɗi: daga yau duk fim ɗin da za a doke shi, Labo za a kira, don yaran nan masu wasa da hannu su ne ke ji wa mutum ciwo. Shekara goma sha ɗaya ke nan, hagun Labo bai sake taɓa fuskar kowa ba.