Ganye Mai Ninki a Buhun Lawashi

Mahaifina albasa yake nomawa a fadamar garinmu, ƙasar Kano, kuma tun ban kai ɗaukar buhu ba nake bin sa kasuwa. A can na koyi sayen kaya da hanci. Da na zo Amurka na yi tuƙin tasi na wasu shekaru, sannan na buɗe shagon kayan miya a Hyattsville: daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, kanwa, manja, kifi banda. Ba a taɓa sayar mini da daddawar da ta sha ruwa ba. Ina buɗe kwali na san abin da ke ciki, kuma ina alfahari da hakan, ban ɓoye wa kowa ba.

Cikin masu saye a wurina akwai wani injiniya mutumin Maraɗi da ke zaune a Gaithersburg. Ya ɗauko mahaifiyarsa daga gida don likitoci su duba ta, hawan jini ne ke damun ta. Hajiya ta zo ƙasar nan ta ƙi abinci. Ta ce miya ba ta da rai, nama ba shi da ɗanɗano, har ruwan ma wani iri ne. Duk ranar da ya kawo ta shago sai ta zagaya kantoci tana shinshina kaya, ta dawo ta tsaya gabana ta ce, "Alhaji, har yanzu babu gabu?"

Gabu ganyen albasa ne, lawashi, da ake dakawa a dunƙula a shanya, a riƙa marmasawa cikin miya. Na gwada yi da ganyen albasar manyan kantunan nan. Ta shinshina ta miƙo mini abina ta ce wannan ai ruwa ne zalla. Ga shi kullum ramewa take yi, zanenta har ya fara zagaye ta sau biyu.

Akwai wani Bature manomi a yammacin Maryland, can cikin duwatsu, wanda nake sayen raguna da awaki a hannunsa. Wata Asabar cikin Afrilu na je wurinsa, sai na ji gidan ya gauraye da ƙanshin albasa mai ƙarfi, mai ɗan kama da na tafarnuwa. Matarsa ce ke soya albasar daji da ƙwai. Ya ce a dajin da ke bayan gonarsa take fitowa da kanta in ƙanƙara ta narke, mako kaɗan ta shuɗe. Na murza ganye ɗaya na kai hanci. Nan take na ce a raina, ga gabun Hajiya. Ya nuna mini hanyar da yatsa, ya ce in ɗebi son raina, ya koma wurin dabbobinsa.

Mutanen wurin tono ta suke yi da ƙwallonta, don shi suke so. Ni ganye nake nema, saboda haka na yi yadda muke yi wa lawashi a gida: na sa wuƙa ina yankan sama, ina barin gindi a ƙasa. Har yabon kaina nake yi cewa ban kashe wa mutum shuka ba. Na fara daga gangare, na yi ta sauka har bakin wani rafi inda ƙasa ke nutsa ƙafa. A nan na tarar da wasu da suka fi na sama ƙiba da kyau, sun fito a naɗe kamar sigari, kore shar. Ganyensu yana da ninki, na lura da haka, har na tsaya. Na yanki ɗaya na murza na shinshina. Albasa. Na ce to, waɗannan sun fi samun ruwa ne, na cika buhu.

Maiɗakina ta daka rabi a turmi, ta dunƙula, ta busar a murhu da wuta kaɗan kaɗan don ranar ƙasar nan ba ta busar da komai. Wasu dunƙulen sun farfashe ta sake niƙa su, ta yi ta atishawa har hawaye, muka yi dariya muka ce kaya ya yi ƙarfi. Ba mu sa a tukunyarmu ba, don na ce na farko na Hajiya ne. Ranar Laraba da yamma ɗanta ya biyo ya karɓi dunƙule shida. Sauran ɗanyen ganyen na bar shi a firjin shago don zubi na biyu.

Ranar Alhamis bayan azahar Dakta ya shigo. Dattijo ne Badamagare, siriri, ya yi karatun tsirrai a Faransa, yana aiki a wata jami'a inda ake ajiye busassun ganyaye a manne da takardu, kowanne da sunansa. Goro yake zuwa saye, da tsokana, tunda Bakano da Badamagare ba sa haɗuwa su rabu lafiya.

"Bakano, yau me ka samo da za ka cuci bayin Allah da shi?"

"Abin da ku Damagarawa ba ku isa ku samo ba," na ce, na jawo buhun daga firji. "Gabu, yin Amurka."

Ya sa hannu yana dariya. Ya ɗaga ganye biyu uku masu santsi ya gyaɗa kai. Sai ya ɗago wani, dariyar ta tsaya. Ya kai shi bakin taga, ya buɗe shi a tafin hannu, ya bi ninkin da farce daga gindi har baki.

"A ina ka yanki wannan?"

"Bakin rafi. Duk abu ɗaya ne, Dakta, na shinshina."

"Ka ga ƙwallonsa?"

"Ban tona ba. Ganye na yanka."

"Bon," ya ce da Faransanci. "To, je ka wanke hannunka da sabulu, sau biyu."

Na wanke. Shi ma ya wanke ganyen a famfo, ya miƙo mini ya ce in yaga da kaina. Na yaga na kai hanci. Babu komai sai ƙanshin ɗanyar ciyawa. Sa'a guda na yi ina yankan albasa kafin in isa rafin nan. Ashe a bakin rafin hannuna nake shinshinawa, ba ganyen ba.

"Wanda ya niƙa ya yi atishawa?" ya tambaya.

Na ce ta yi.

"Wa ya ci?"

Na faɗa masa inda dunƙule shida suke, da ciwon da Hajiya ke fama da shi. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ganyen nan dafi ne, yana sa amai, ya rage bugun zuciya, ya kayar da jini ƙasa, kuma dahuwa ba ta kashe shi. Ga mai shan maganin hawan jini abin ya fi muni. Ya ce in kira gidan.

Wayar gida ta yi ta ƙara. Na san Hajiya ba ta ɗauka, ta ce masu kira Turanci suke yi mata. Ɗanta yana taro, wayarsa a kashe. Matarsa ma'aikaciyar jinya ce, tana bakin aiki. Na bar saƙo ga kowannensu, na rufe shago, muka shiga mota. Jikokin Hajiya biyu ƙarfe uku da rabi suke dawowa daga makaranta, kuma in ta yi girki su take fara zuba wa.

Muna hawa babbar hanyar da ta zagaye Washington muka shiga cunkoso. Na fara kutsawa tsakanin motoci ina danna oda. Dakta ya dafa gwiwata.

"In ɗan sanda ya tsayar da kai mun yi asarar minti ashirin. Bi layinka. Ka taɓa shuka wake?"

"Dakta, yanzu lokacin wake ne?"

"Amsa mini. In ya tsiro, ganye nawa yake fara fitarwa?"

"Biyu."

"Gero fa?"

"Ɗaya."

Ya ce to duk tsiro mai fure a duniya kusan gida biyun nan ya kasu. Akwai wani fure a Turai da ake kira helebo, ɗan gidan wake ne ta wannan fuska, mai ganye biyu. Wannan da na yanka ɗan gidan gero ne, mai ganye ɗaya, shi ya sa jijiyoyinsa suke tafiya a jere ba sa yin raga. Mutanen zamanin da sun ga dukansu biyu dafi ne mai sa atishawa da amai, sai suka ba su suna ɗaya. Da masana suka duba suka ga babu abin da ya haɗa su, sai aka riƙa ce wa wannan helebo na ƙarya. Sunansa a littafi Veratrum. Yana magana yana sake danna lambar injiniyan da babban yatsa, in ta katse ya sake.

"Kuma kada ka kashe kanka da kunya," ya ce. "Lokacin da nake lakwal ina ɗalibi, a littafin da muka karanta, shi da albasa da tafarnuwa duk gida ɗaya aka zuba su. Fure mai kunne shida, ganye mai jijiya a jere, shi ke nan aka ce 'yan'uwa ne. Sai da aka iya duba ƙwayar halittarsu, ba a daɗe ba, aka ga ashe albasa tana can wata zuriya mai nisa, shi kuma aka ware masa gidansa da 'yan danginsa. Manyan farfesoshi sun yi shekara da shekaru suna zuba su a buhu ɗaya. Kai kwana biyar kawai ka yi. Ga Bakano ai ka yi ƙoƙari."

Ban yi dariya ba, amma na daina danna oda. Na ce ya ci gaba. Ya ce akwai ɗan'uwansa a Turai mai farin fure, akwai wani a duwatsun yammacin Amurka wanda in tunkiya mai sabon ciki ta ci, sai ta haifi ɗa mai ido ɗaya a tsakiyar goshi. Ya ce an taɓa niƙa saiwarsa ana kashe ƙwari a gona, an kuma taɓa yin maganin hawan jini da shi aka bari, don tsakanin abin da zai warkar da abin da zai kashe babu tazara. Yana faɗi kamar mai ba da labarin wani jarumin garinsu. Sai daga baya na gane yana kallon agogon mota duk tsawon hanyar, kuma ya riga ya rubuta lambar motar asibiti da sunan ganyen a bayan hannunsa.

Uku saura kwata muka isa. Tun daga matakala na ji ƙanshin miya. Na buga ƙofa da ƙarfin da bai dace da gidan mutane ba. Hajiya ta buɗe da ludayi a hannu.

"Lafiya, Alhaji? Gobara ake?"

"Hajiya, kin ɗanɗana miyar nan?"

"Yau Alhamis, ina azumi. Yaran nake jira su ɗanɗana mini gishiri."

Na ce alhamdu lillahi. Na durƙusa nan bakin ƙofa, kuma tunda na riga na durƙusa sai na faɗa mata komai. Dakta ya buɗe baki zai sassauta, ya fara cewa kuskure ne da kowa ke iya yi. Na ce a'a, ni na yanka, na ga ninkin da idona, na bi hancina. Ta saurara har na gama. Ta dubi tukunyar, miyar kuka ce da naman rago, ta marmasa dunƙule biyu a ciki.

"Duka za a zubar?"

"Duka, Hajiya," in ji Dakta. "Har ludayin a wanke."

"Kai ɗan wane gari ne?"

"Damagaram."

"Shi ya sa. Shi wannan Bakano ne ko? Ɗan mai albasa, wai." Ta juyo gare ni. "Tashi, ka tsare mini hanya. Kai za ka wanke tukunyar."

Na wanke ta sau uku, da babbar riga a jikina, Dakta yana tsaye yana nuna mini inda na bari. Ya ƙirga dunƙulen da suka rage, huɗu, ya sa a aljihu. Daga nan na kira maiɗakina na ce ta tattara na gida duka ta ɗaure, da turmin ma kada ta taɓa sai na zo.

Asabar muka koma dajin tare. Ya sa na tona a kowane wuri kafin in yanka. Na gangare ƙwallo ne fari da ganye biyu ko uku masu santsi, kowanne daga ƙasa ya fito. Na bakin rafi ba shi da ƙwallo, sai saiwa baƙa mai kauri da jijiyoyi kamar igiya, ganyensa kuma sun rungume kara ɗaya suna hawa a zagaye. Cikin mako guda ya kai gwiwata. Dakta ya tsuguna cikin taɓo da wandonsa na ofis, ya ce kafin rani ya yi nisa zai iya fin tsayina, ya fitar da fure kore mai rassa kamar kan dawa, kuma gindi ɗaya yana iya fin mutum daɗewa a duniya.

"Dubi ninkin nan," ya ce. "Wane tela ne zai yi maka wannan? Bai yaudari kowa ba. A rubuce yake a jikinsa."

Ya yanki ɗaya ya shimfiɗa tsakanin jaridu, ya rubuta wuri da rana. Ganyen da na ɗebo kuwa sai da ya bi su ɗaya bayan ɗaya a bayan mota, fiye da sa'a guda, bai bar ko ɗaya ba.

Sabon turmi na saya. Da gabun ya bushe muka kai wa Hajiya mu biyu, ta ce mu zauna sai an gama tuwo. Ta yanki loma ta farko ta tauna a hankali, ɗanta yana kallon bakinta.

"Tafarnuwa ta yi masa yawa," ta ce. "Ba na Maraɗi ba ne."

Ta jawo kwanon kusa da ita, ta ce a ƙaro mata miya.